Hayaƙin da ba kai ka kunna ba: wa ke da ikon hana shan taba a wuraren jama'a a Katsina?

Akwai wani gidan kallon ƙwallo a bayan layinmu. Ɗaki ne na langa-langa sama da ƙasa, da benci goma sha biyu, da talabijin biyu, da fanka ɗaya mai juyawa in janareto ya ga dama. Ƙofa guda ce, kuma da an take wasa ake sakin labule a kanta don kada waɗanda ba su biya ba su leƙa. Daren da na shiga lokacin hunturu ne, har 'yar tagar da ke sama an toshe ta da kwali. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na ƙirga mutum huɗu sun kunna sigari a bencin baya. Mu da ke ciki mun haura hamsin, da yawa kuma yara ne da gemu bai fara fito musu ba. Hasken talabijin yana ratsa hayaƙin kamar fitilar mota cikin hazo. Wani yaro kusa da ni ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, idonsa na ta ruwa, amma bai ɗauke kai daga kallo ba. Ya riga ya biya kuɗinsa.

Da aka tashi na tsaya wurin mai gidan yana ƙirga canji. Na ce, "Ɗan'uwa, ba ka hana su shan taba a ciki?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, in na hana su mi zan ci? Gobe can gaba za su koma, su da abokansu. Waɗannan kullum suna nan, ko wasan banza ake. Kai fa yau na fara ganinka." Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa.

Abin da bai sani ba, kuma akasarinmu ba mu sani ba, shi ne abin da ya faru a ɗakinsa laifi ne a dokar ƙasa. A watan Mayun 2015, saura 'yan kwanaki ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba ta ƙasa. Dokar ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da wuraren renon yara, da motocin haya, da gidajen abinci, da filayen wasa, da sauran wuraren da jama'a ke taruwa. Wanda aka kama, tararsa ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Mai wurin da ya zuba ido aka sha, nasa hukuncin ya fi wannan nauyi. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a sa shi ya sayar, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai kara 20. A 2019 Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita, daga nan ne aka fara buga hotunan nan masu tayar da hankali a jikin kwali.

Ba ita ce ta farko ba ma. Tun 1990, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, aka yi dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a ofisoshi da silima da makarantu da asibitoci da motocin haya. A 2005 Najeriya ta tabbatar da shiga yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Abuja ta yi nata sanarwar hani a 2008, Legas ta yi tata dokar a 2014 zamanin Fashola. Takarda dai ba a rasa ta ba.

To, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ni dai duk zamana a Katsina ban taɓa ganin wanda aka ci tara saboda ya kunna sigari a tasha ba, ban kuma taɓa jin mai tebur ya ce da yaro "shekararka nawa?" ba. Abu ɗaya ne daga cikin dokar ya iso nan da ƙafarsa, wato hoton jikin kwali, kuma dalilin isowarsa a fili yake: masu buga kwalin 'yan kaɗan ne, an san masana'antunsu a Ibadan da Zariya, wasiƙa ɗaya ta ishe su. Amma ko shi ɗin, mai sayen kara ɗaya ba ya ganinsa. Kwalin yana hannun mai tebur, shi kuwa mashayi kara ake zaro masa a miƙa, da ashana ko leta ɗaure da zare a ƙafar tebur. Duk sashen dokar da ke buƙatar wani ya taka ya shiga lungu ya dubi idon mutum, a Abuja ya tsaya.

Wani zai ce ai mu nan ba mu da wannan matsalar sosai, kuma yana da 'yar hujja. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manya ne ke amfani da taba a Najeriya, maza kusan ɗaya cikin goma, mata kuwa kaɗan ƙwarai. In aka kwatanta da Masar ko Indunusiya, mu masu sauƙi ne. Bayan haka muna da wata doka da ta girmi ta 2015 nesa ba kusa ba, ita ce kunya. Ɗan Katsina ba ya shan sigari gaban mahaifinsa, ko surukinsa, ko malaminsa. Na sha ganin ƙato mai 'ya'ya ya hango dattijon unguwa daga nesa, ya dunƙule karan a tafin hannu ya mai da baya, wuta na cin sa yana gaisuwa. Ba ka ganin mai sigari a Ƙofar Soro ranar hawan salla, ko a zaman makoki, ko a wurin ɗaurin aure.

Sai dai a duba inda kunyar ta kora hayaƙin. Manya take karewa. Tana kore shi daga gaban wanda ake jin nauyinsa, ta tura shi inda babu wanda ake jin nauyi: bayan shago inda yaron shago ke zaune, garejin kanikawa da ke cike da yara masu koyon aiki, gidan kallo, gaban mota inda kwandasta ke maƙale, ɗaki da dare inda mata da jariri ke kwance. Kuma saboda ɓoyewa ake, wuri rufaffe ake nema, wanda shi ne mafi muni. Da mutum zai tsaya tsakiyar fili ya sha abinsa, da iska ta ɗauke. Amma tsakiyar fili ana ganinsa. Saboda haka ƙarancin mashaya bai hana yawan masu shaƙa ba: mutum huɗu sun ishi hamsin. Wancan binciken na 2012 ya gano kusan kashi 17 cikin ɗari na masu aiki a cikin gini suna shaƙar hayaƙin wasu a wurin aiki, a gidajen abinci kuwa abin ya kai kusan kashi 29.

Hayaƙin da ke tashi daga bakin karan, wanda mashayi bai zuƙa ba, bai bi ta audugar gindin sigarin ba, kai tsaye yake shiga ɗaki. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba. Ga yara, yana tayar da asma, yana kawo ciwon kunne da ciwon haƙarƙari. Ga mai juna biyu, yana rage nauyin jariri. Ga babba mai hawan jini, abin da ya fi saurin faruwa a zuciya ne, don hayaƙin na sa jini saurin daskarewa yana kuma takura jijiyoyi cikin ɗan lokaci, ba sai an shekara ba. Shi ya sa inda aka yi hani na gaske ake ganin sakamako da wuri. A Sikotilan, shekara guda bayan hanin 2006, masu kwanciya asibiti da bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin ɗari, kuma yawancin waɗanda suka tsira ba mashaya ba ne. Mu nan kuma hayaƙin sigari ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana tarar da huhun da ya riga ya sha ƙurar hunturu, da hayaƙin icce, da na janareto.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi damuna: wa ya kamata ya riƙe wannan aiki? A ƙasashe da dama, ba daga sama aka fara ba. Birnin New York ya yi nasa hanin a 2003 ba tare da jiran gwamnatin Amurka ba, wadda har yau ba ta da doka guda da ta game ƙasar a kan wannan. Birnin Beijin ya yi nasa a 2015. Alhazanmu kuma sun san Makka da Madina, inda tun farkon shekarun 2000 aka ayyana biranen biyu a matsayin waɗanda ba a son taba a cikinsu, kuma babban makamin da aka yi amfani da shi lasisin shago ne, abin da ke hannun hukumar gari. Ailan ce ƙasar farko da ta hana a duk wuraren aiki a faɗin ƙasa, a 2004, amma ita ma ta tarar da biranen wasu ƙasashe sun share hanya.

A tsarinmu, hukumar gari ita ce ƙaramar hukuma, kuma in ka buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 za ka yi mamakin yadda ayyukan da aka ba ta suka yi daidai da wuraren da hayaƙin yake. Kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da gidajen wanka da bahaya na jama'a, kafa su da kula da su aikinta ne. Shaguna da kes-kes, gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, ita ke da ikon tsara su. Allunan talla na kan titi ma nata ne. Ma'aikacinta ya san kowane tebur da kowace rumfa, don yana zuwa da rasit. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ba ta san akwai gidan kallo a bayan layinmu ba. Mai karɓar haraji kuwa ya san sunan mai shi, ya san ranar da ya fi ciniki. Ga kuma jami'an duba-gari, waɗanda iyayenmu ke ba da labarin yadda ake ɓoye randa mai datti in an ji sun shigo unguwa. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34, kowace da majalisar kansiloli mai ikon yin ƙananan dokoki a kan abin da ke hurumin ta. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta muhawara a kan asusu. Ba a cika tambayar me za su yi da ikon da ya daɗe a hannunsu ba, wanda ba ya cin ko sisi.

Amma kada a ɗauka kwafo dokar tarayya za a yi a manna a sakatariya. Dokar an rubuta ta ne da hoton wani irin gari a zuci, garin otal da mashaya da ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Rayuwar Katsina yawancinta a tsakanin ciki da waje take. Rumfar mai shayi, rufi ne da buhu ta gefe biyu: ciki ce ko waje? Rumfar jira a tasha fa? Layin 'yan yadi a babbar kasuwa, inda rufin wannan shago ya haɗe da na wancan har rana ba ta sauka? Zauren da tela ya mai da shago? Majalisar da ake zama a gindin dalbejiya? In doka ba ta fayyace ba, ranar farko za a fara gardama, kuma mai gardama ne zai ci. Ƙa'idar da yarjejeniyar duniya ta shimfiɗa mai sauƙi ce: duk wurin da ke da rufi, ko bango ɗaya ko fiye, ko da na buhu ne, ko da na wucin gadi ne, rufaffe ne. Da wannan ma'auni rumfar mai shayi ta shiga, gindin dalbejiya bai shiga ba. Ni ina ganin hakan daidai ne, kuma gara a bar gindin bishiyar. Dokar da ta bi mutum har ƙarƙashin sararin Allah ta bar maganar huhun wani, ta koma maganar halin mashayi, wannan kuwa wata shari'a ce daban.

A nan ne nake jin tsoron yadda za mu karkatar da abin. Mu da mun ji taba sai mu haɗa ta da shaye-shaye, da wiwi da ƙwaya da maganin tari, da 'yan ƙauraye. Da an ce hani, abin da zai zo a zuciyar mutane shi ne a tara matasa a bayan mota a aske musu kai. Matsalar ƙwaya gaskiya ce kuma babba ce, tana da hukumarta. Amma direban da ya shekara talatin yana shan sigari yana ciyar da gida biyu ba ɗan ƙauraye ba ne, haka ma'aikacin da ke rufe ƙofar ofis ya kunna bayan azahar, masinja na tsaye da fayil. In aka mai da dokar ta zama farautar 'yan iska, waɗannan biyun ba za ta taɓa su ba, su kuwa suka fi yawan waɗanda ke shaƙar hayaƙinsu. Ƙari a kan haka, farauta ɓoyewa take ƙarawa, ɓoyewa kuma ɗaki take nufi.

Malamai sun daɗe da wannan bambancin. Tun da taba ta shigo ƙasashen nan fiye da shekara 400 da suka wuce ake saɓani a kan hukuncinta. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu yana cikin waɗanda suka halatta a zamaninsa, wasu suka haramta, Tijjaniyya ta hana mabiyanta, yawancin malaman yau kuma sun karkata ga haramci tun da aka san cutarta. Amma ba sai an warware wannan saɓanin ba kafin a yi maganar hayaƙi a cikin jama'a. Albasa da tafarnuwa halal ne ba gardama, duk da haka an ce wanda ya ci su ɗanye ya nisanci masallaci don kada ya cutar da mutane. In wari kawai ya isa a ce ka ja gefe, ina ga abin da ke shiga jini? Wannan hujja ce da mashayin kansa zai iya karɓa ba tare da an kira shi fasiƙi ba.

Sai maganar wurin da aka keɓe. Dokar 2015 ta bar ƙofa a buɗe ga masu wurare su ware sashen mashaya, kuma masana lafiya sun daɗe suna kukan cewa nan ne raunin ta. Hayaƙi bai san layi ba. Bencin baya na gidan kallonmu ai sashe ne da aka ware, ba da rubutu ba. Fanka ba ta fitar da shi, juya shi take yi ta raba wa kowa. A ɗakin kwano mai ƙofa ɗaya, wurin mashaya ɗaya ne tak, waje.

Tarar kuma ita kanta matsala ce. A 2015 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, wato tarar 50,000 ta kusan albashin wata uku. Yanzu da ya koma 70,000, har yanzu ta fi rabin albashin wata. Kowa ya san abin da ke faruwa da tarar da ta fi ƙarfin mai laifi a ƙasar nan: ba a biyanta, sasantawa ake yi a gefen titi. Jami'i mai tausayi zai kau da kai don ba zai iya kai ɗan achaba kurkuku a kan kara ɗaya ba, marar tausayi kuma ya samu sabuwar hanyar na goro. Duk biyun dokar ce ta mutu. A Beijin abin da suka yi shi ne, mashayi tararsa ba ta wuce yuwan 200 na kuɗin ƙasar Sin ba, mai wuri kuwa tana iya kai 10,000. Nauyin a kan mai wuri aka ɗora. Hikimar ita ce mashayi yana tafiya, karan na ƙarewa cikin minti biyar, kafin jami'i ya zo ba shaida. Mai wuri kuwa yana nan gobe, yana nan jibi, kuma guntayen sigari a ƙasan bencinsa sun isa shaida. Ƙaramar hukuma ba ta ma buƙatar kotu a matakin farko. Sharaɗi ne a jikin izinin da take sabuntawa duk shekara: alama a ƙofa, ba a sha a ciki, gargaɗi sau biyu, na uku a rufe maka na mako guda. Mako guda da ya haɗa da daren babban wasa ya fi kowace tara zafi.

Haka tasha. Babu direban da ke tsoron duba-gari, amma babu wanda ke wasa da shugabannin ƙungiya da 'yan kamasho, don su ke riƙe da layi. Na taɓa hawa motar haya zuwa Daura, muna wuce Mashi direba ya kunna, ya sauke gilashinsa ɗan kaɗan, iska ta riƙa mai da hayaƙin baya inda wata mata ke rungume da jariri. Ba wanda ya tanka sai wata tsohuwa, ta ce, "Ɗan nan, don Allah ka tausaya wa yaron nan." Ya ce, "Yi haƙuri Inna, barci nake kora," ya ƙara zuƙa biyu masu kyau sannan ya jefar. Bai yi rashin kunya ba, kuma uzurinsa ba ƙarya ba ne a wurinsa, tun asuba yake hanya. Amma sai da tsohuwa ta roƙa, a matsayin alfarma. Da ƙungiya ce ta ce wanda fasinja ya kawo ƙararsa zai rasa lodi ɗaya, da ya tsaya a Mashi ya sha abinsa a gindin bishiya, minti uku, mu ma mu miƙe ƙafa.

Akwai cikas na gaske da bai kamata a ɓoye ba. Birnin Katsina ya daɗe da tsallake iyakar ƙaramar hukumarsa ya shiga ƙasar Batagarawa, ta yadda dokar da ta tsaya a kan iyaka za ta kori ciniki ne kawai zuwa tsallaken titi, abin da mai gidan kallo ke tsoro ke nan. Sai maƙwabtan sun yi tare, ko jiha ta shimfiɗa musu samfuri guda. Akwai kuma mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi: in ana shan taba a cikin ofisoshin hukuma da bayan motar jami'an tsaro, ba mai shayin da zai ɗauki maganar da muhimmanci. Duk wanda zai fara, daga ofishinsa zai fara. Sannan ga kara-kara, wanda a ganina shi ne sashen da ya fi wuyar aiwatarwa, kuma ba zan ba kowane ciyaman shawarar ya fara da shi ba. Dubban masu tebur ne ke cin abinci da shi, tare da alewa da ashana da maganin sauro, ga iyaka da Nijar daga Jibiya har Kongolam inda kaya ke shiga da fita ta hanyoyin da ba su ƙirguwa. Abin da zai yiwu shi ne a fara da teburan da ke ƙofar makarantu, da kuma al'adar nan ta aiken yaro. Har yau ana ba yaro ɗan shekara takwas kuɗi a ce "sayo mini kara biyu," wani ma a ce ya kunno ta a hanya. Wannan magana ce ta mai unguwa da magaji da limami, su ne suka san gidajen.

Shisha ta shigo da wata fuska. Ita ba ta da warin da ke tona asiri, ƙamshin tuffa da na'ana'a take yi, shi ya sa ta shiga inda sigari bai taɓa shiga ba, har ɗakunan 'yan mata da wuraren biki. Da yawa sun yarda ruwan tulun na tace dafin, alhali sanyaya hayaƙin kawai yake yi ya sa a zuƙa da yawa, ga gawayin da ke sama yana ƙara nasa iskar mai guba. Ita kuma a zaune ake shanta, a rufe, na awa guda ko fiye, ma'aikacin da ke canza gawayi yana ciki tun magariba har tsakar dare. Tanzaniya ta hana ta a 2016, Ruwanda da Kenya a 2017, Mali a 2022. Ko an hana gaba ɗaya ko ba a hana ba, duk dokar gari da ta ce "sigari" ta yi shiru a kan shisha ta bar rabin aikin.

Masu cewa mutanenmu ba sa bin doka, ina so su tuna abu biyu. Ba wanda ke kunna sigari a gidan mai, ko kusa da teburin 'yan bumburutu. Ba jami'i a wurin, amma in ka gwada, kafin ka ƙyasta ashana mutum biyar sun yi maka ca, kuma ba wanda zai ce sun shiga hurumin da ba nasu ba. Na biyu, watan azumi. Wanda ke cewa ba zai iya awa biyu ba tare da ya sha ba, shi ne ke yin awa goma sha huɗu, kwana talatin a jere, ko a tasha ko a gareji. Jurewar akwai ta, ikon jama'a na tsawatarwa ma akwai shi. Abin da yaron nan mai rufe hanci da wuyan riga ya rasa shi ne izinin yin magana. A gidan mai kowa ya san yana da wannan izinin. A gidan kallo kuwa, in ya buɗe baki, yaro ne ya yi wa babba rashin kunya. Alamar da ke ƙofa, mai hatimin hukuma, ita ke sauya wannan lissafin, har shi mai gidan ya samu abin fakewa: ba ni na ce ba, ga takarda.

Na koma gidan kallon bayan 'yan makonni, da rana, yana gyaran waya a bayan talabijin. Na kawo masa wannan maganar ta takarda. Ya ɗan yi tunani, ya ce, "In dai duka za a hana, rana ɗaya, har na can gaba, wallahi ni zan fara mannawa. Kai kana ganin daɗi nake ji? Kullum da tari nake kwana, mai ɗakina har ta gaji da wanke rigunana." Sai ya nuna min bangon da ke bayan bencin ƙarshe, inda langa-langar ta yi baƙi-baƙi daga tsayin kafaɗa zuwa rufi. Ya ce bara ya yi mata fenti. Daga nan ya tambaye ni ko wa zai kai wa maganar, kansila ko mai unguwa, na ce ya fara da duk wanda ya zo karɓar kuɗin rasit a wata mai zuwa. Ya yi dariya, ya ce wannan ai shi ma yana sha.